Sun Matan Fada: yadda Argungu ta tarbi Sarkin Musulmi

'Yan uwa, da yawanmu mun ɗauka bikin kamun kifi na Argungu gasar neman kyauta ce kawai. Asalinsa sulhu ne. Tun zamanin jihadi ake gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, har shekarar 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su, daga nan abin ya zama biki. Dubban masunta ke faɗawa Matan Fada lokaci guda, kowa da homa da gora. Wanda ya kamo giwan ruwa mafi nauyi shi ke ɗaukar babbar kyauta, sauran kuwa ribarsu nishaɗi da ganin dangi. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya.