Ziryabu da Muwaɗɗa a Birni Ɗaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa, duk wanda ya zauna gaban malami ya buɗe Muwaɗɗa ya ji sunan Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, malamin Ƙurɗuba wanda ruwayarsa muke karantawa, ya rasu a 234 bayan Hijira. Abin da ɗalibanmu da yawa ba su sani ba shi ne, a wannan birni, a ƙarƙashin sarki ɗaya, Abdurrahman na biyu, akwai wani mutum da shi ma ya zo da ilmi daga Gabas. Nasa ilmin na kiɗa ne.

Sunansa Ali ɗan Nafi'u, ana yi masa laƙabi da Ziryabu, sunan wani baƙin tsuntsu mai daɗin murya, don shi baƙin mutum ne. A Bagadaza ya koyi sana'a hannun Ishaƙa Almausili, babban makaɗin fadar Abbasiyawa. Almaƙƙari ya kawo a Nafhuɗ Ɗib cewa ya yi waƙa gaban Haruna Rashid har ya burge shi, sai kishi ya kama malaminsa, ya ce masa ya bar garin ko ya kuka da kansa. Labarin da daɗin ji, amma a lura: Haruna ya rasu a 193, Ziryabu kuwa bai isa Andalus ba sai 206, wato 822 Miladiyya. Tsakani ya zauna Ƙairawan. Sarki Hakam ne ya gayyace shi, kafin ya iso sarkin ya rasu, ɗansa Abdurrahman ya karɓe shi, ya yanka masa dinari 200 kowane wata.

Garayar Larabawa da ake kira udu tsirkiya huɗu gare ta, shi ya ƙara ta biyar. Ya bar kaɗa ta da ɗan itace ya koma amfani da gashin fiffiken mikiya. Mu dai abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda yake karantarwa. In ɗalibi ya zo, sai ya zaunar da shi ya sa ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, ya ji ko tana fita tas. Mai raunin murya a ɗaure masa ciki da rawani. Wanda ba ya iya buɗe baki sosai, a sa masa guntun itace tsakanin haƙora ya kwana da shi wasu darare. Malaman tajwidi, kun ji fa, ku ba ku kai nan ba.

Ba fatawa muke bayarwa ba. Wanda ya karanta ƙarshen Risala ya san Ibnu Abi Zaid ya hana sauraren kayan kiɗa da waƙa, kuma a kan wannan muka tashi. Ibnu Hazmi, shi ma ɗan Ƙurɗuba, ya saɓa. Tarihi muke dubawa, don mu ga abin da ya sami ilmin mutanen nan biyu.

Na Yahaya an rubuta shi, an kiyaye isnadinsa, ga shi a hannunmu babi bayan babi. Na Ziryabu ya bi baki da kunne. Daga baya kiɗan Andalus ya tsaru a jerin waƙoƙi da ake kira nauba, masu sana'ar suna cewa 24 ne, kowace sa'a da tata. Da Garnaɗa ta faɗi a 1492, aka kuma kori ragowar Musulmi daga 1609, masu hijira suka ƙetara da shi zuwa Fas da Tiɗwan da Tilimsan da Tunis. A ƙarshen ƙarni na 18 wani mutumin Tiɗwan, Alha'ik, ya tattara baitocin da suka rage a littafi. Nauba 11 kawai Maroko ke riƙe da su yau. Ɗaya daga ciki, Ramalul Maya, an mayar da baitocinta yabon Annabi (SAW).

Mu ma muna da namu rabon daga can. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne, ya rasu a Marrakish a 627. Baitocinsa suna nan a rubuce, ba mai taɓa su. Amma karin da muke rera ta da shi a daren Mauludi, kowane gari da nasa, a ƙirjin dattawa yake, kuma a masallacinmu waɗanda suka iya tsohon karin daga farko har ƙarshe, da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga su.