Kwalbar Miller: yadda tambayar asalin rai ta shiga ɗakin gwaji

Shekaru aru-aru masana sun ɗauka cewa ƙananan halittu suna tsirowa da kansu cikin ruɓaɓɓen abu. Louis Pasteur na Faransa ya rushe wannan zato a farkon shekarun 1860: ya tafasa romo cikin kwalabe masu lanƙwasasshen wuya, ƙura ta kasa kaiwa gare shi, romon kuwa bai lalace ba. Sai dai amsar ta haifi wata tambaya: in mai rai daga mai rai yake fitowa, ina aka samo na farko?

Aleksandr Oparin a Rasha cikin 1924, da J.B.S. Haldane a Ingila cikin 1929, kowa da nasa nazari, sun zo da ra'ayi ɗaya. Sun ce sararin duniyar farko ba shi da iskar oksijin, kuma hasken rana da walƙiya suna iya haɗa ƙananan sinadarai su zama manya a cikin teku. Ra'ayin ya tsaya a takarda har 1952, lokacin da Stanley Miller, ɗalibi ɗan shekara 22 a Jami'ar Shikago, ya gwada shi a ƙarƙashin malaminsa Harold Urey. Ya rufe ruwa da iskar metan da amoniya da haidurojin cikin kwalabe, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Bayan mako guda ruwan ya rine, aka sami amino asid a ciki, wato tubalan da ake gina furotin da su. Ya buga sakamakon a 1953. Gani ya kori ji.

Daga baya masana tarihin ƙasa suka nuna cewa sararin farko ya fi yawan kabon dayoksaid da naitirojin, abin da ya rage ƙarfin gwajin. Amma wasu shaidu sun biyo baya. Dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostareliya cikin 1969 yana ɗauke da amino asid. A farkon shekarun 1980 Thomas Cech da Sidney Altman suka gano cewa RNA, mai ɗaukar bayanin gado, yana iya hanzarta haɗuwar sinadarai kamar furotin.

Malami mai koyar da wannan babi ya kamata ya rarrabe abu biyu. Samuwar tubalan an tabbatar da ita. Yadda tubalan suka haɗu suka zama ƙwayar halitta mai hayayyafa kuwa, har yau ba wanda ya nuna shi a ɗakin gwaji. Ɗalibin da ya san wannan iyaka ba zai ɗauki tarin tubali a matsayin gida ba.