Bindigar da ta tona asirin marubucin Ty Cobb

A cikin kayan tarihin da wani attajirin Amurka, Barry Halper, ya tara, akwai wata doguwar bindigar farauta da aka ce da ita mahaifiyar ɗan wasan besbol Ty Cobb ta harbe mijinta. Kisan dai ya auku. A daren 8 ga Agusta 1905, a garin Royston na jihar Jojiya, Amanda Cobb ta hangi mutum a bakin tagar ɗakinta, ta ɗauka ɓarawo ne, ta buɗe wuta. Ashe maigidanta ne, William Cobb, malamin makaranta wanda ya taɓa zama ɗan majalisar jiha. Kotu ta wanke ta a 1906. Sai dai bayanan wancan lokaci ƙaramar bindigar hannu suka ambata. To, doguwar nan daga ina ta fito?

Mako uku da rasuwar uban, ɗansa mai shekara 18 ya fara buga wa ƙungiyar Detroit Tigers wasan besbol, wanda ake jefo wa mutum ƙwallo ya make ta da sanda ya ruga da gudu. A wannan wasa, wanda ya dace sau 3 cikin 10 gwani ne. Cobb ya yi kaka 24 yana dacewa kimanin sau 366 cikin 1,000. Da aka zaɓi rukunin farko na zauren gwanayen wasan a 1936, ya sami ƙuri'a 222 cikin 226, har ya ɗara Babe Ruth.

Amma tambayi Ba'amurke yau, abin da zai fara gaya maka shi ne Cobb mugu ne. Wai yana wasa ƙusoshin takalminsa don ya yanki abokan karawa, wai ya tsani baƙar fata, wai ya taɓa kashe mutum a wani lungu na Detroit, wai 'yan wasa uku kacal suka je jana'izarsa saboda kowa ya gaji da shi.

Mafi yawan waɗannan labarai, idan aka bi sawunsu, a ƙofar mutum ɗaya suke tsayawa: Al Stump, ɗan jaridar da aka ɗauka ya taya Cobb rubuta tarihin rayuwarsa lokacin da ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa. Cobb ya rasu ranar 17 ga Yuli 1961. Ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba Stump ya fitar da wani dogon rubutu a mujallar True, ya zana shi a matsayin tsohon mashayi mai yawo da bindiga. A 1994 ya faɗaɗa shi ya zama littafi, aka kuma yi fim, Tommy Lee Jones ya fito a matsayin Cobb. Mamaci ba ya musu, kasuwa kuwa ta karɓa.

Wanda ya kwance ƙullin shi ne William R. Cobb, mai bincike da suna kawai ya haɗa su da ɗan wasan. A 2010 ya wallafa sakamakon aikinsa a mujallar ƙungiyar masu binciken tarihin besbol ta Amurka. Ya bi asalin bindigar, sai ga shi daga hannun Stump ta shiga kasuwa. Ba ita kaɗai ba: akwai wasiƙu da sa hannun jabu da tarkacen da Stump ya riƙa sayarwa da sunan kayan Cobb ne. Har wani kundin rubutun yau da kullum da aka taɓa bajewa a zauren gwanaye, hukumar FBI ta duba ta ce na bogi ne. Mutumin da zai ƙirƙiri bindiga, me zai hana shi ƙirƙirar gawa? Gaskiya ne wasu mutum uku sun tare Cobb a Detroit a 1912 har suka soke shi da wuƙa, amma da aka bincika rajistar gawarwakin birnin, babu mamacin da ya dace da labarin. Jana'izar kuma, iyalinsa ne suka nemi a yi ta ba taro. Charles Leerhsen ya ƙara tono a littafinsa na 2015, ya nuna cewa maigadin otal da Cobb ya yi faɗa da shi a Cleveland a 1909, wanda aka daɗe ana cewa baƙar fata ne, farar fata ne.

Ni dai ban yarda da masu son mayar da shi waliyyi ba. Zuciya gare shi kamar fetur. A 1908 kotu ta same shi da laifin dukan wani lebura baƙar fata a Detroit. Ranar 15 ga Mayu 1912, a New York, ya haura cikin 'yan kallo ya lakaɗa wa wani mai zaginsa duka, mutumin da injin ɗab'i ya riga ya cinye masa hannu ɗaya da yatsu uku na ɗayan. Wannan ba Stump ya ƙaga ba, dubban idanu sun gani. Da aka dakatar da shi, abokan wasansa suka yi yajin aiki, aka kwaso 'yan cike gurbi aka lallasa su 24 da 2. Mutumin da aka ce kowa ya tsane shi ke nan.

Shi ne kuma wanda a 1952 ya fito fili ya goyi bayan a karɓi baƙaƙen 'yan wasa hannu bibbiyu, ya kuma taɓa yaba wa baƙin ɗan wasa Willie Mays. Dukiyar da ya tara daga hannun jarin Coca-Cola, da ita ya ba da dala 100,000 aka gina asibiti a Royston don tunawa da iyayensa, ya kuma kafa gidauniyar tallafa wa ɗaliban Jojiya.

A 2024 hukumar wasan ta shigar da alƙaluman gasannin baƙar fata na zamanin wariya cikin kundinta, sai Josh Gibson, da 372 cikin 1,000, ya sauke Cobb daga saman jerin masu dacewa, matsayin da ya riƙe kusan ƙarni guda.