Bebeji da Mazanta Masu Gammo

Bebeji, wadda ke kudu maso yamma da birnin Kano bisa tsohuwar hanyar da fatake ke bi zuwa Zazzau, tana cikin garuruwan da sunansu ya yi nisa tun kafin zuwan Nasara, domin gari ne mai ganuwa da kasuwa da zangon baƙi, inda ayari yakan sauke kaya ya huta kafin ya fuskanci ƙofofin birni; har ma Baturen nan matafiyi, Clapperton, da ya ratsa ta cikin 1826, ya lissafa ta cikin manyan garuruwan ciniki da idonsa ya gani. Agalawa, masu zuwa Gwanja fataucin goro, sun kafu a cikinta, kuma a cikinsu ne aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya fara da goro, ya koma gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bai kuwa rasu ba, a 1955, sai da labarin arzikinsa ya gama Afirka ta Yamma.

A nan ne kuma aka fara zubar da jini a ƙasar Kano sa'ad da Kanar Morland ya taso daga Zariya da rundunarsa a farkon 1903, alhali Sarkin Kano Alu yana Sakkwato. Mutanen gari suka rufe ƙofa, Nasara suka nemi a buɗe aka ƙi, sai suka saita igwa suka fasa ta, Sarkin Bebeji ya yi shahada tare da waɗansu manyansa. Kwana biyu bayan haka, ran 3 ga Fabrairu, birnin Kano ya faɗa hannunsu.

Wannan shi ne abin da masu tarihi suka kiyaye, kuma haƙƙinsu ne, amma a ganina sun yi wa garin rowa, gama kowane madugu da aka ambata akwai 'yan alaro masu yawa a bayansa waɗanda kayan ke bisa kawunansu, ba a kuwa rubuta sunan ko ɗaya ba. Kakana na wajen uba, Allah ya jiƙansa, daga cikin irin waɗannan yake. An haife shi a wani ƙauye tsakanin Bebeji da Kiru a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abbas, ya yi karatun allo har ya kai izu goma, sa'an nan fatara da kuɗin haraji suka fitar da shi cin rani. Da yaƙin Hitila ya yi tsanani, aka aiko wa hakimai su ba da samari, sai ya shiga soja, kuma tun daga nan har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya ƙara kiransa da sunan yanka, sai dai Kofur.

Cikin 1943 aka ɗauke su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa ƙasar Hindu, cikin runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, daga can suka shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama don su kara da Japanawa. Da yake ƙungurmin daji ne da duwatsu, wanda mota ba ta ratsa shi, jirgin sama ne ke jefo musu abinci da harsashi, mutane kuma su ɗora a ka su hau tudu su gangara. Aikin da ya faɗa wa kakana ke nan, wato dai fataucin kakanninsa ne aka sake masa riga. Ba ya son zancen harbi. Abin da yake yawan ambato shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga takalmi su sha jinin mutum bai sani ba, da yadda suka binne wani Bakatsine ba likkafani sai bargonsa. A tsakiyar kansa akwai wani wuri kamar tafin hannu inda gashi ya daina tsirowa, fatar ta yi kanta saboda gammo, kuma idan muka hau cinyarsa muna taɓawa yakan ce, “Kai, aboki, sauka daga ofishina, ba a biya ka haya ba.”

Da aka sallame su a 1946 ya komo da lambobin yaƙi da takardar sallama da 'yan fam kaɗan, waɗanda aure da saniya guda suka cinye, don haka ya nufi kudu, ta Tudun Wadan Dankadai, ya ratsa dajin Falgore, inda a zamanin da mahara daga Ningi ke ɓullowa su kame mutane, har ya kai Riruwai cikin ƙasar Doguwa ta yanzu. Duwatsun Riruwai tun kafin Turawa ake haƙar kuza a cikinsu ana narkarwa. A zamaninsa kuwa kamfani ne ke saye. Mutum ya cika kwano da ƙasa, ya ɗauka zuwa rafi, ya yi ta juya ta cikin ƙwarya har yashi ya tafi, baƙin kuza mai nauyi ya kwanta a ƙasa, sa'an nan a kai ma'auni, inda, a faɗarsa, hannun magatakarda ya fi dutsen awo nauyi. Duk damina yakan komo gona.

Aikinsa na ƙarshe a gida ya same shi. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ƙudura tare kogin Kano a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, aka fara aikin a 1971 aka gama a 1974, daidai shekarun da fari ya halaka dabbobi ya kori mutane daga arewa. Tafkin da ya taru ya mamaye murabba'in kilomita 178, kuma sa'ad da aka gama shi yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. A lokacin ƙarfin kakana ya ja baya, sai aka ba shi gadin kayan aiki da dare, saboda tsohon soja ne, ya kuwa riƙe amanar da kulki da tocila da carbi. Daga wannan ruwa ne Kadawa da Kura da Bunkure suka sami noman rani na shinkafa da alkama da tumatir, masunta suka kafa zama a bakin tafkin, ko da yake mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun ga ambaliyar da ke ciyar da gonakinsu ta ragu, ƙauyuka kuma da dama ruwa ya ci aka tashe su.

Shi kam yana alfahari da dam ɗin, yakan kai baƙi su gani kamar shi ya gina shi da hannunsa, amma har ya rasu bai taɓa cin kifin Tiga ba, domin, in ji shi, ƙauyen su mahaifiyarsa da maƙabartarsa suna ƙarƙashin ruwan. Ya rasu da kaka, bayan an kai dawa rumbu, aka yi masa sutura a ƙauyensu, kuma cikin waɗanda suka sallace shi akwai tsofaffi biyu daga Kiru da suka yi Bama tare.