Tsakanin "Forecast" da Duba: Tarihin Wasu Kalmomin Turanci

 Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da aka yi a rumfar mahaifina a nan Badun. Baba albasa yake saukewa daga Aliero, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san ba ta da abokin gaba kamar ruwan sama, domin buhun da ya jiƙe a mota kafin kwana uku ya fara wari. Ranar nan sai na duba wayata na ce, "Baba, an yi forecast za a yi ruwa da daddare, a lulluɓe kayan da tamfol." Wani Alhaji abokinsa yana zaune a kan benci, sai ya ce, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Wannan ai duba ne, sunansa kawai aka canza da Turanci."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba ƙaramar tuhuma ba ce. Kowa ya san hadisin da ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ga shi kuma a sakandare, lokacin da muke shirin WAEC, an haddace mana predict da forecast da foretell da prophesy a layi ɗaya, wai ma'anarsu ɗaya ce. In haka ne ai Alhaji yana da gaskiya. Wannan ya sa na koma bin asalinsu ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da prophecy, wadda mu 'yan Kurmi muka fi gani a allunan bakin titi, musamman ƙarshen Disamba idan shugabannin coci-coci suka fara bayyana abin da suka ce zai faru a sabuwar shekara. Asalinta Girkanci ne, daga prophetes, mai magana da yawun abin bauta. Wato mai yin ta yana cewa ne an sanar da shi daga sama. Ga 'yan jarrabawa: prophecy da harafin c suna ne, prophesy da harafin s aikatau ne. Wannan tarkon ya kama ni sau biyu.

Sauran dangin duba ma suna da yawa a Turanci. Divine, idan aikatau ce, daga Latin take, ma'anarta gano ɓoyayyen abu ta hanyar alloli, kuma da divination Turawa suke fassara bugun ƙasa namu da Ifa na maƙwabtanmu Yarabawa. Soothsayer tsohon Turanci ne, sooth na nufin gaskiya, wato "mai faɗin gaskiya", suna mai daɗi ga sana'ar da ta fi kowace ƙarya. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce augur. A tsohuwar daular Rum, augur jami'in addini ne da yake kallon tashin tsuntsaye da kukansu kafin a fita yaƙi ko a naɗa shugaba. Daga nan aka samu inauguration, kalmar da jaridu suke amfani da ita wajen rantsar da shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu. Haka auspicious, da masu jawabi suke son cewa a wurin biki, asalinta "kallon tsuntsu" ne.

Predict kuwa ba ruwanta. Latin ce, prae da dicere, faɗa tun kafin. Ba ta nuna inda mai maganar ya samo labarinsa, shi ya sa boka zai yi ta, likita zai yi ta, mai sharhin ƙwallo ma zai yi ta. Foretell ita ce 'yar uwarta ta tsohon Turanci, sai dai ta fi zama a littattafan addini da tatsuniya.

To, sai forecast, wadda a kanta aka yi rigimar. Kalmar tsohuwa ce, da tana nufin tsara abu tun da wuri, amma wanda ya ɗaura ta a kan yanayi shi ne Robert FitzRoy, hafsan sojan ruwan Ingila, kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya ɗauki Charles Darwin. A 1854 aka ba shi shugabancin wani ƙaramin ofishi na tattara bayanan yanayi. A watan Oktoba na 1859 wata guguwa ta farfasa jirgin Royal Charter, wanda ya taso daga Ostireliya zuwa Libaful, a gaɓar Wales, mutane fiye da 400 suka halaka. FitzRoy ya ce da an yi gargaɗi da an tsira. Sai ya sa tashoshin bakin teku suna auna nauyin iska da inda take kaɗawa, suna aiko masa Landan ta wayar tangaraho kowace safiya, shi kuma yana haɗa lissafi. A farkon 1861 ya fara aika gargaɗin guguwa tashoshin jiragen ruwa, ran 1 ga Agusta na shekarar kuma jaridar The Times ta buga bayaninsa na yanayin da ake sa rai.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, irin tuhumar da Alhaji ya yi mini ita aka yi wa FitzRoy. A zamanin, masu duban taurari suna sayar da kalandar da ke faɗin yanayin shekara guda cur, kuma dokar Ingila ta 1824 ta sa masu duba a sahun 'yan damfara da ake ɗaurewa. Don haka ya guje wa prophecy da prediction da gangan, ya zaɓi forecast, ya kuma bayyana a littafinsa na 1863 cewa abin da yake nufi ra'ayi ne da aka gina kan awo da lissafi, wanda zai iya kuskure. Duk da haka bai tsira ba. Jaridu suna yi masa ba'a duk ranar da bai dace ba, masana suna cewa ba kimiyya yake yi ba, wasu masu jiragen kamun kifi suna jin haushin zaman da ma'aikatansu suke yi a tasha saboda gargaɗinsa. A 1865 ya kashe kansa. A 1866 aka dakatar da aikin, ba a dawo da bugawa a jarida ba sai 1879.

Ni a ganina Hausa ta fi Turancin makaranta rarrabe wannan abu. Muna da duba da bokanci a gefe guda, muna da hasashe da kintace a ɗaya gefen, ba mai haɗa su. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce za a yi ruwa, ba wanda ya ce ya yi da'awar sanin gaibu. Baba da kansa idan ya ji damina ta yi ɓarna a Kabi da Sakkwato yakan ce albasa za ta yi tsada nan da wata biyu. Wannan forecast ne tsantsa. Sai dai ita kanta hukumar NiMet, da aka kafa a 2003, prediction take kiran bayaninta na daminar kowace shekara, wato kalmar da FitzRoy ya gudar mata.

Na kai wa malaminmu na zaure maganar. Na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin wannan?" Ya ce a duba abin da mai maganar ya dogara da shi: in alamu ne na zahiri da aka saba da su, kuma bai yanke cewa dole sai ya faru ba, babu laifi, mutum ya haɗa da insha Allahu. In kuwa taurari ne ko aljani ko zanen ƙasa, ko da wane yare aka kira shi duba ne.

Alhaji bai sauka daga ra'ayinsa ba har yau, ya ce Bature bai taɓa rasa sunan da zai sa wa abu ba. Daren nan dai mun lulluɓe albasar, ruwan kuma bai zo ba sai bayan kwana biyu. Yanzu idan mota ta taso daga Arewa, Baba yakan jira Alhaji ya tafi masallaci, sannan ya ce da ni, "Kai, duba mana me masu kintacen nan suka ce."