Walƙiyar gamma: fashewar da ta fi kowace ƙarfi a sararin samaniya, da yadda masana ke bin sawunta

Ranar Lahadi 9 ga watan Oktoban 2022, da misalin ƙarfe 2 da minti 17 na rana agogon Nijar, wani haske mai tsananin ƙarfi ya iso duniya daga can cikin sararin samaniya. Ɓangaren duniyar da ya fuskance shi ya haɗa da Afirka da Turai da Asiya. A Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, inda ake tsakiyar girbin hatsi, wurin da hasken ya fito yana ta gabas, kamar inda rana ke tsayawa da hantsi. Babu wanda ya gan shi, babu wanda ya ji shi a jikinsa. Amma na'urorin wasu taurarin ɗan'adam sun cika maƙil har suka kasa ƙirga shi. Masana suna kiran irin wannan abu walƙiyar gamma, da Faransanci kuma "sursaut gamma". Ga bayanin yadda abin yake, yadda ake gano shi, da ko yana da haɗari a gare mu.

Mene ne hasken gamma?

Haske iri-iri ne, kuma kaɗan ne daga cikinsa ido ke gani. Igiyoyin da ke kawo mana shirin rediyo da kiran salula nau'in haske ne mai rauni. Hasken X da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ya fi wanda muke gani ƙarfi, shi ya sa yake ratsa tsoka. Gamma shi ne na ƙololuwa. Wani masani Bafaranshe, Paul Villard, ya gano shi a shekarar 1900 yana binciken sinadarin radiyom. Yana fitowa daga ma'adinai irin su uraniyom, kuma likitoci na amfani da shi wajen ƙona ciwon daji.

Walƙiyar gamma kuwa ita ce ɓarkewar wannan haske ba zato ba tsammani daga wani wuri a sama. Wata ba ta kai sakan ɗaya ba, wata takan yi mintoci. A wannan ɗan lokaci, ƙarfin da take fitarwa kan kai wanda rana za ta fitar a duk tsawon rayuwarta ta shekaru miliyar 10, wato miliyan dubu 10. Taurarin ɗan'adam suna kama kusan guda ɗaya a kowace rana. Sunan kowace walƙiya yana farawa da haruffan GRB, sai shekara da wata da rana. Ta 9 ga Oktoban 2022 sunanta GRB 221009A, harafin A kuma yana nufin ita ce ta farko da aka bayyana a wannan rana.

An gano ta ana neman wani abu dabam

A shekarar 1963, shekaru uku bayan Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya, Amurka da Tarayyar Sobiyet da Ingila sun sa hannu kan yarjejeniyar hana gwajin irin wannan bam a cikin iska, a ƙarƙashin ruwa da kuma a sararin samaniya. Don ta tabbatar ba a ha'ince ta ba, Amurka ta harba taurarin sa ido masu suna Vela, waɗanda ke jin hasken gamma da bam ke fitarwa. Ranar 2 ga Yulin 1967 suka kama wani haske da bai yi kama da na bam ba. Sai a 1973 masanan cibiyar Los Alamos suka wallafa bayanin walƙiya 16, suka nuna cewa ba daga duniya ko daga rana suke fitowa ba.

Daga nan aka shafe fiye da shekaru 20 ana gardama a kan nisansu. Na'urar BATSE ta hukumar NASA ta ƙirga walƙiya sama da 2700 tsakanin 1991 da 2000, ta kuma nuna cewa daga kowace kusurwa ta sama suke zuwa daidai wa daida. Da a cikin gungun taurarinmu suke, da sun taru a kan farin layin nan na taurari da ake gani ya ratsa sama a daren da babu wata. Wannan alama ce mai ƙarfi ta cewa daga nesa ƙwarai suke. Sauran hujja.

Ragowar haske

Matsalar ita ce na'urorin gamma ba sa nuna wuri daidai, kuma kafin a juya madubin hangen nesa walƙiyar ta ɗauke. Sai dai lissafi ya nuna cewa ya kamata ta bar ragowar haske, kamar yadda wuta ke barin garwashi. Abin da fashewar ta watso yana tafiya da gudu kusan na haske, ya yi karo da iskar gas da ke kewaye, karon kuma ya haifar da hasken X, da wanda ido ke gani, da igiyoyin rediyo. Wannan ragowa tana dusashewa a hankali: na X da na ido cikin awoyi zuwa kwanaki, na rediyo kuwa yakan kai watanni.

Ranar 28 ga Fabrairun 1997 tauraron BeppoSAX na ƙasashen Italiya da Holan ya kama wata walƙiya, ya juya kanta bayan awa 8, ya tarar da hasken X yana dusashewa. Ƙasa da kwana guda bayan fashewar, madubin William Herschel da ke tsibirin La Palma, a tekun da ke yamma da Maroko, ya ɗauki hoton wani ɗigon haske a daidai wurin. A watan Mayun wannan shekara, madubin Keck da ke Hawai ya auna nisan wata walƙiyar, aka samu haskenta ya yi tafiyar miliyoyin dubban shekaru. Gardama ta ƙare.

Ga yadda ake awon. Ana rarraba hasken kala-kala kamar bakan gizo. Kowane sinadari da hasken ya ratsa yana barin alamarsa a wani sanannen gurbi. Da yake sararin samaniya yana ta buɗewa, alamomin abu mai nisa sukan gusa zuwa ɓangaren ja, kuma gwargwadon gusawar, gwargwadon nisan. Ba a iya yin wannan awo da hasken gamma shi kaɗai. Shi ya sa ragowar hasken take da daraja haka.

Me ke haddasa ta?

An kasa walƙiyar gida biyu. Doguwa, wadda ta wuce sakan 2, galibi mutuwar ƙaton tauraro ce, wanda ya ninka rana nauyi sau gommai. Idan makamashinsa ya ƙare, cikinsa yakan rufta ya zama baƙin rami, wurin da ko haske ba ya iya kuɓucewa daga jansa. A lokacin ruftawar, wasu siraran harsunan wuta biyu sukan huda jikin tauraron su fita, ɗaya ta nan ɗaya ta can. An tabbatar da wannan alaƙa a shekarar 2003, lokacin da aka ga fashewar tauraron kanta ta bayyana a gurbin wata walƙiya bayan ƴan kwanaki.

Gajeriya, wadda ba ta kai sakan 2 ba, galibi karon taurarin nutron biyu ce. Tauraron nutron gawar tauraro ce da ta dunƙule: ya fi rana nauyi, amma faɗinsa kusan kilomita 20 ne kacal, kamar daga Tibiri zuwa Jiratawa.

A duka biyun, hasken yana fita ne a tsuke kamar na tocila. Sai wadda ta haska daidai inda muke muke gani, mafi yawansu kuwa suna wucewa ta gefe.

Tseren da ake yi da lokaci

Da yake iskar da ta lulluɓe duniya tana tare hasken gamma, daga sama ake fara aikin. Amurka ta harba tauraron Swift ranar 20 ga Nuwamban 2004, da Fermi ranar 11 ga Yunin 2008. Faransa da Sin kuma sun harba na haɗin gwiwarsu, SVOM, ranar 22 ga Yunin 2024 daga Xichang. Dukkansu suna shawagi ne a nisan da bai wuce tsawon hanyar Maraɗi zuwa Yamai ba, suna zagaya duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi, kuma hanyoyinsu suna bi ta saman Nijar.

An tsara Swift ta yadda idan ya ji walƙiya, zai lissafa inda take, ya juya da kansa cikin minti ɗaya zuwa biyu ya kafa mata madubansa na hasken X da na ido. Tun kafin ya gama juyawa, saƙo ya sauko ƙasa, tsarin sanarwa na GCN ya raba shi ta intanet cikin sakanni. Ƙananan madubai masu sarrafa kansu su ne ke fara amsawa, ba tare da an tashi kowa daga barci ba. Idan sun ga sabon ɗigon haske, sai manyan madubai na Cile ko Hawai ko La Palma su auna nisansa, sannan na rediyo su ci gaba da bibiya. SVOM yana aiko da nasa saƙon ta wasu ƙananan eriyoyi kusan 50 da aka jera a ƙasashe masu zafi. An kuma tsara shi ya riƙa ba rana baya, domin walƙiyar da ya gano ta kasance a ɓangaren da dare ya yi, inda madubai za su iya kallonta nan take.

Walƙiya uku da suka yi suna

Ta 19 ga Maris na 2008 ta yi hasken da ido zalla zai iya gani na kusan sakan 30, alhali haskenta ya yi shekaru miliyan 7500 a hanya. Ya taso ke nan tun kafin a sami rana da duniya, waɗanda shekarunsu ke kusan miliyan 4600.

Ta 17 ga Agustan 2017 ta zo ne ƙasa da sakan 2 bayan na'urorin LIGO na Amurka sun ji girgizar sararin samaniya daga karon taurarin nutron biyu, a nisan tafiyar haske ta shekaru miliyan 130. Na'urar Virgo ta Italiya ta taimaka aka taƙaita wurin, bayan awa 11 wani madubi a Cile ya gano shi, cibiyoyi kusan 70 suka bi. Hasken ya nuna cewa a cikin irin wannan karo ake ƙera ma'adinai masu nauyi. Masana na ganin cewa wani kaso mai yawa na zinariya da uraniyom da ke cikin ƙasa, har da zinariyar Jado da uraniyom na Arlit, daga irin waɗannan karo na zamanin da ya samo asali.

Ta 2022 kuwa ita ce mafi haske da aka taɓa aunawa. Haskenta ya yi shekaru kusan miliyan 1900 yana tafe, amma duk da haka ya motsa saman iskar duniya, har na'urorin gano tsawa a Indiya suka ji shi. An ƙiyasta cewa sai a shekaru dubu 10 ake samun kamarta sau ɗaya. A 2024 aka wallafa sakamakon madubin James Webb da ya tabbatar cewa mutuwar ƙaton tauraro ce.

Akwai haɗari?

Duk walƙiyar da aka auna nisanta daga wani gungun taurari mai nisan gaske ta fito, kuma iskar duniya tana kare mu kamar katangar ruwa mai kaurin mita 10. Wadda za ta yi ɓarna sai ta tashi a cikin gungunmu, kusa da mu, ta kuma fuskanto mu kai tsaye. Irin wannan za ta iya lalata rufin ozon da ke tare zafin hasken rana mai cutarwa. Wasu masana sun yi hasashen cewa haka ta faru shekaru miliyan 445 da suka wuce, lokacin da halittun teku da yawa suka ƙare, amma hasashe ne kawai.

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a WhatsApp, mai cewa a kashe salula da tsakar dare a nisanta ta daga jiki saboda wani haske mai haɗari zai wuce kusa da duniya. Ƙarya ce. Babu mai iya sanar da zuwan walƙiyar gamma tun kafin ta iso, domin babu abin da ya fi haske gudu balle ya riga ta kawo labari. Salula kuma ba ta jawo ta. Wanda ya sami wannan saƙo, kada ya tura shi gaba.

Rabon Afirka a wannan bincike

A tsaunukan Namibiya akwai madubai biyar na H.E.S.S., masu kama ɗan shuɗin hasken da ke ƙyaftawa idan gamma mai tsananin ƙarfi ya bugi iska. Su ne suka bi ragowar walƙiyar 29 ga Agustan 2019 har dare uku. A Afirka ta Kudu akwai MeerKAT mai sauraren igiyoyin rediyo. Ƙawancen GRANDMA da masanan Faransa suka assasa ya haɗa madubai na ƙasashe da yawa, ciki har da na Oukaïmeden a Maroko da na Kottamia a Masar, yana kuma karɓar hotuna daga masu sha'awar taurari da ke da ƙananan madubai a gidajensu.

Dalilin haɗa kai a fili yake: walƙiya ba ta zaɓen lokaci, kuma wanda dare ya yi a wurinsa, samansa kuma ba gajimare, shi ke da damar kallo. A yankin Maraɗi duhun dare na samuwa da zarar an bar fitilun gari, sai dai gajimaren damina da ƙurar hunturu suna rage kwanakin da sama ke washewa. Amma shiga wannan fanni ba lalle sai da madubi ba. Sanarwar GCN da bayanan Swift da Fermi a buɗe suke kyauta a intanet. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, in yana da kwamfuta da ilimin lissafi da malamin da zai sa shi a hanya, zai iya sauke bayanan walƙiyar da aka kama jiya ya yi nazarinsu yau.