Ɗaki a Kan Taya Huɗu: Rufaffiyar Ford ta 1915 da Matsalar Gyaranta

A cikin tsofaffin motocin da ake gyarawa a ajiye a gidajen tarihi na Amurka akwai wata baƙar mota mai tsawo sama da siraran tayoyi, wadda ƙofofinta biyu suke daidai tsakiyar jikinta, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ita ce rufaffiyar Ford samfurin Model T, wadda ta shiga kasuwa a matsayin ƙirar 1915. Amurkawa na kiran irin wannan mota mai rufi da gilasai "sedan", sunan da suka aro daga rufaffiyar kujerar da ake ɗaukar masu hali a ciki a Turai tun kafin zuwan inji. Mai kallo a yau zai ga tana ƙyalli kamar jiya aka ƙera ta, kuma a wannan ƙyallin ne tambayar mai nazarin tarihi take: nawa ne ya rage na ainihin motar?

Sai an san yadda mota take a farkon ƙarni na 20 kafin a gane darajar wannan rufi. Motocin farko a buɗe suke, kamar keken doki da aka cire wa doki aka sa wa inji. Ƙura da ruwan sama da sanyi duk a jikin matafiyi suke ƙarewa, shi ya sa a jihohin arewacin Amurka mutane da yawa kan jingine motarsu idan hunturu ya shiga. Rufaffen jiki aikin hannu ne na kafintoci, mai cin lokaci da kuɗi. A 1910, lokacin da kamfanin Cadillac ya ba kamfanin Fisher aikin rufaffun jikuna 150, an ɗauki wannan a matsayin babban ciniki.

Henry Ford ya fito da Model T a watan Oktoba na 1908, da inji mai silinda 4 da ƙarfin doki 20, wanda gudunsa bai cika wuce kilomita 70 a awa ba. A 1913 masana'antarsa ta Highland Park ta fara harhaɗa mota a kan layi mai tafiya, sai lokacin haɗa ƙashin mota ya sauko daga awa 12 da rabi zuwa minti 93. Farashi ya bi sahu. Amma rufaffen jiki ya ƙi bin wannan sauri: a farkon 1915 buɗaɗɗiyar Ford mai kujeru biyar tana dala 490, rufaffiyar kuwa dala 975. Inji ɗaya ne, ƙashi ɗaya ne, kusan rabin kuɗin na rufi ne da gilashi da katako.

Dalili shi ne yadda aka gina ta. A ƙarƙashin fatar ƙarfe, wadda a shekarar farko ta alminiyam ce, akwai ginshiƙan katako da aka sassaƙa aka haɗa ɗaya bayan ɗaya. Da maɗaurin zare ake ɗaga tagogi a sauke, kamar na tsohon taragon jirgin ƙasa. Direba ta ƙofar tsakiya yake shiga, ya ratsa tsakanin kujerun gaba biyu kafin ya kai ga sitiyari. Abubuwan takawa uku ne: na hagu na sauya giya, na tsakiya na komawa baya, na dama birki, totur kuwa a hannu yake a jikin sitiyari. Babu famfon mai, gangarowa fetur yake yi daga tanki zuwa kafireta. Tayar da inji kuma sai an murɗa ƙarfe a gaban mota, aikin da ya karya hannun mutane da dama, har zuwa 1919 da Ford ya fara sa wa rufaffun motocinsa sitata mai aiki da batir.

Duk da tsadarta, wannan ƙira ce ta nuna inda kasuwa ta dosa. A 1919 kimanin mota ɗaya cikin goma da ake ƙerawa a Amurka ce rufaffiya. Zuwa 1927 sun haura takwas cikin goma. Kamfanin Hudson ya hanzarta sauyin da motarsa Essex Coach ta 1922, wadda ta rage tazarar farashi tsakanin buɗaɗɗiya da rufaffiya. Ford ya maye gurbin mai ƙofar tsakiya da Tudor da Fordor a wajen 1923, amma injin da aka tsara don jan jiki marar nauyi ya soma gazawa. A watan Mayu na 1927, bayan an ƙera fiye da miliyan 15, aka daina yin Model T. Rufin da ya mayar da mota abin hawa na rani da damina yana cikin abubuwan da suka tsufar da ita.

Wanda ya samu irin wannan mota bayan shekara ɗari, yawanci yakan tarar da inji yana iya tashi, domin har yau ana ƙera kayan gyaransa. Katakon ne ruwa da ƙwari suke cinyewa, ga shi kuma shi ne ke riƙe da jikin duka. Sai a sassaƙa sabo. Gilashin asali idan ya fashe tsini yake yi kamar wuƙa, don haka akan musanya shi da na zamani. Yadin kujeru ya ruɓe, sai a saƙa makamancinsa. Fentin yau ya fi wanda masana'anta ta kwarara wa jikin santsi da ƙarko. Kowane mataki yana da hujja, amma idan aka tara su, motar takan fi yadda ta fito daga Highland Park kyau, alamun hannun kafintan farko da na iyalin da suka hau ta kuwa sun tafi. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido.

Masu wannan sana'a sun fara lura da asarar. Yarjejeniyar Turin, wadda ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya FIVA ta fara aiki da ita a 2013, ta nemi a taƙaita canji, a rubuta duk abin da aka musanya, a kuma mutunta alamun tsufa. A 2024 gasar Pebble Beach ta Kalifoniya ta ba da babbar lambarta ga wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ba, karo na farko a tarihin gasar.

Saboda haka gyararriyar mota shaida ce ta zamani biyu: na wanda ya ƙera ta da na wanda ya gyara ta. Matsayinta ɗaya ne da tsohon kundi da wani magatakarda ya kwafe daga baya. Ana amfana da shi matuƙar an san inda hannun farko ya tsaya, na biyu ya ɗora. Ɗalibin da ya tsaya gaban rufaffiyar Ford ta 1915 ya kamata ya nemi takardar aikin da aka yi mata kafin ya yaba ƙyallinta, domin a nan ne zai san ko katakon da ke ƙarƙashin fentin ya taɓa jin sanyin Michigan.